La'ada Baki Biyu: Kamfanin da Ya Samo Maka Aiki, Yana Cajin Ka Kuɗin Biyan Ka Albashi

Daren da aka yi albashin watan jiya, bayan isha'i, ɗan ƙanwata ya same ni a majalisarmu ta Ƙofar Marusa. Ya bi kowa ya gaida, ya samu gefen benci ya zauna, sai da hira ta lafa sannan ya matso ya miƙo mani wayarsa. Fuskar wayar a tsage take, sai da na karkata ta wajen fitilar mai shayi kafin na iya karanta alat ɗin. Naira 62,400.

"Kawu, don Allah duba mani nan. Saba'in aka rubuta mani a takarda. Na san da na fansho, tun farko an faɗa mana. To ko an cire shi, lissafin ya ƙi fita."

Gadi yake yi a wani babban gini a cikin gari. Masu ginin kullum suna wuce shi a bakin get, shi ke buɗe masu, amma a takarda ba ma'aikacinsu ba ne. Wani kamfani ne ya ɗauke shi ya kawo masu, kamfanin da hedikwatarsa ke wata jiha, wanda bai taɓa taka ofishinsa ba. Iyakarsa da ogan da ke zagayowa kan babur da rajista a hammata. Muka buga lissafi: kashi 8 cikin 100 na 70,000 shi ne 5,600, saura 64,400. To ina 2,000 ta shiga? Na ce ya kira ogan. Ya kira, ya saki muryar kowa na ji.

"Oga, barka da dare, ya gajiya? Wata 'yar tambaya gare ni kan albashi, na ga kamar da giɓin dubu biyu."

"Kai, ai wannan cajin ofis ne. Kuɗin da ake kashewa wajen turo maku albashi. Kowa ana cire mashi, har ni nan."

Ya ce to, ya yi godiya, ya kashe. Wani dattijo a cikinmu, wanda ya yi shekaru yana dillancin dabbobi kafin ƙafa ta zaunar da shi, ya yi dariya ya ce, "Wato yanzu sai ka biya kafin a biya ka."

Wannan dubu biyun nake so mu kwance mu ga abin da ke cikinta, domin ba ɗan ƙanwata kaɗai ake yi wa ba. Masu gadi, masu shara da goge-goge, direbobi, matasan da ke zaune a kantar banki suna ƙirga kuɗi, masu tallar layin waya, masu bin gida-gida suna cike fom ga ƙungiyoyin agaji, da yawansu ta hannun irin waɗannan kamfanoni suke karɓar albashi.

Mutum uku ne a cinikin. Akwai mai aiki, wato banki ko otal ko asibitin kuɗi ko kamfanin sadarwa. Akwai kamfanin samar da ma'aikata. Sai ma'aikacin kansa. Mai aiki ya fi son haka saboda ya huta da ɗawainiya: ba shi ke ɗauka ba, ba shi ke kora ba, babu ruwansa da hutun shekara ko ƙungiyar ƙwadago, in bai ga dama da mutum ba waya ɗaya zai buga gobe a turo wani. Takardun yarjejeniya kuma biyu ne. Ɗaya tsakanin mai aiki da kamfani, ɗaya tsakanin kamfani da ma'aikaci. Ma'aikaci ta biyun kawai yake gani, in ma an ba shi. Amsar tambayarsa kuwa tana cikin ta farkon.

Ga abin da ke cikinta. Duk wata kamfanin yakan aika wa mai aiki takardar neman biya, kuma ba albashi zalla yake rubutawa ba. A ce albashin mutum ɗaya 70,000 ne. Za a ɗora kashi 10 cikin 100 na fansho, wanda dokar fansho ta 2014 ta ɗora a wuyan mai ɗaukar aiki, daban da kashi 8 na ma'aikaci. Za a ɗora kashi 1 na asusun NSITF, mai biyan diyya ga wanda ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki, wanda dokar 2010 ta ce mai ɗaukar aiki ne zai biya, kuma ta hana shi cire shi daga albashin ma'aikaci. Za a ɗora kuɗin kaki da takalmi da tocila in aikin na gadi ne. Daga ƙarshe sai layin da ya fi muhimmanci ga maganarmu: ladan kamfani, wanda ake yankewa ko dai a matsayin wani kaso na albashin, ko wani tsayayyen kuɗi kan kowane mutum, da harajin VAT na kashi 7.5 a kansa.

To ladan me ke nan? Ladan nemo mutum, da tantance shi, da sa ido a kansa, da ajiye rajista, da lissafa albashinsa a biya shi kan kari. Biyan albashi ba wata alfarma ba ce da kamfanin ke yi wa ma'aikaci daga gefe. Shi ne rabin aikin da mai aiki ya ɗauke shi ya yi, kuma ya riga ya biya shi. Wanda ya ci ladan kuturu shi zai yi masa aski. Idan kamfanin ya juyo ya sake yankar wani abu a albashi da sunan ɗawainiyar biya, aiki ɗaya ya yi ya karɓi lada sau biyu, na farko daga mai ƙarfi a kan takarda, na biyu daga marar ƙarfi ta bayan fage.

Dattijon nan na majalisa shi ya fi ni iya faɗin maganar. Ya ce a kara, ko ta Mai'adua ranar Lahadi ko wata, la'ada ba abin kunya ba ce, kowa ya san dillali da ita yake ci. Wani wuri mai saye ke bayarwa, wani wuri mai dabba, wani lokaci ma kowa ya miƙa nasa. Amma ana sanin ta kafin a ce an sallama, a gaban mutane, kuma sau ɗaya ake biya. Ya ce, "Tun da nake ban taɓa ganin dillalin da an gama ciniki, kuɗi na hannunshi, ya ce wa mai sa: kawo wani abu na ƙirga maka kuɗinka ba. Ranar da ya yi haka, ranar ya bar kara."

Sai mu duba hujjar ogan, cewa kuɗin tura albashi ne. Nawa ake kashewa a tura kuɗi? Jadawalin cajin bankuna da Babban Bankin Najeriya ya fitar, wanda ya fara aiki a Janairun 2020, ya yanke naira 10 ga abin da bai wuce 5,000 ba, naira 25 daga nan zuwa 50,000, naira 50 ga abin da ya haura haka. Ka ɗora VAT a kan hamsin ɗin, ta zama naira 53 da 'yan kwabbai. Ko ka haɗa da naira 50 ɗin nan ta gwamnati da ake cira a kan turin da ya kai 10,000, duka-duka ka ɗan haura ɗari. Ɗari ina, dubu biyu ina? Ga mutum ɗaya dai ana iya cewa ba ta kai a ɗaga murya ba, kuɗin mai ne na kwana ɗaya ko biyu a babur. Amma a shekara ta zama 24,000, sulusin albashin wata guda da ɗoriya. In kuma kamfanin na da mutum 300 a hannunsa, naira 600,000 ke nan duk wata, ba tare da ya ƙara ko tsinke a aikin da yake yi ba. Dabarar ke nan: a yanki abin da bai isa mutum ya yi rigima a kai ba, a yanka a wurin mutane da yawa. Kuma kar a manta, shi ma'aikacin in ya je cire kuɗin, mai POS na jiran sa da nasa cajin.

Amma in an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu. Ba duk laifin ne a kan kamfanin ba, kuma wanda bai gane wannan ba ba zai gane dalilin da ya sa abin ya ƙi ƙarewa ba. Irin wannan kwangila takara ake yi a kanta, kuma galibi mai arha ke ci. Kamfani biyar su kawo farashi, wannan ya ce zai yi a kaza, wancan ya karya, har wani ya karɓa a ladan da shi kansa ya san ba zai riƙe ofis ba. Ya karɓa ne da niyyar zai cike giɓin a wani wuri, kuma wurin da ya fi sauƙin taɓawa shi ne albashin wanda ba ya cikin ɗakin da aka yi cinikin. Ga kuma jinkiri. Mai aiki yana iya riƙe kuɗin kamfani wata biyu, wata uku, takarda na yawo daga tebur zuwa tebur, alhali mai gadi ba zai jira wata uku ba, yana da haya da cefane. Kamfanin da ke son ya biya kan lokaci dole ya fitar daga aljihunsa ko ya ci bashin banki da ruwa mai tsada. Wannan nauyi ne na gaske, ban raina shi ba. Abin da na ƙi yarda da shi shi ne inda ake sauke shi. Mai aiki ne ya yi jinkiri, kamfani ne ya karya farashi, amma wanda ya kwana a tsaye cikin hunturun Katsina da tocila a hannu shi ke biyan tara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Daga wannan jinkirin ne aka haifi nau'i na biyu na cajin, wanda a ganina ya fi na farko muni, domin ya zo da rigar taimako. Sai a ce wa ma'aikata: albashi zai makara, masu aiki ba su biya ba tukuna, amma mai son nasa yanzu za a ba shi, sai dai a cire kaza cikin ɗari. Mutum na da marar lafiya a gida, ko Sallah ta matso, ai ba shawara zai tsaya yi ba. A nan kuɗinsa ne da ya riga ya yi wa gumi ake sayar masa. Malamanmu na zaure sun san wannan babi tun kafin a ƙirƙiro kamfani. A fiƙihun Malikiyya, yafe wani ɓangare na bashi don a gaggauta biyan sauran kafin lokacinsa bai halatta ba, yana nan a cikin Risala a babin ciniki. In kuwa lokacin biyan ya riga ya yi, mai hali ya riƙe don ya matsa wa mai haƙƙi ya rage, to wannan ya faɗa cikin hadisin da ya ce jinkirin mawadaci zalunci ne. Shi dillanci kansa ba wanda ya hana. Magabata irin su Ibn Sirin da Hasanul Basri ba su ga laifin ladan dillali ba. Sharaɗin dai a san lada tun farko, a kuma ba ma'aikaci haƙƙinsa kafin guminsa ya bushe.

Sauran nau'o'in ba sai na tsaya a kansu da yawa ba, duk wanda ya taɓa neman irin wannan aiki ya san su: kuɗin fom, kuɗin katin shaida, kuɗin kaki da ake cira kashi-kashi alhali an riga an caji mai aiki, albashin watan farko da ake riƙewa wai ajiya, da tilasta wa kowa buɗe asusu a wata manhaja ko ƙaramin banki da kamfanin ya zaɓa, inda cire kuɗi ke da nasa caji. Sunaye ne daban-daban, tukunyar ɗaya ce.

Me doka ta ce? Dokar Ƙwadago ta Najeriya tsohuwa ce, tun shekarun 1970 take, tana nan a kundin dokoki na 2004, amma a kan albashi ba ta yi sako-sako ba. Sashe na 5 ya bi irin cire-ciren da aka yarda da su: na fansho da makamantansa, kuɗin ƙungiyar ƙwadago, maido da abin da aka biya mutum fiye da ƙima bisa kuskure, da diyyar ɓarnar da ma'aikaci ya yi da gangan ko sakaci, ita ma sai da rubutacciyar amincewar jami'in ƙwadago. Kuɗin ɗawainiyar biyan albashi ba ya cikinsu. Sashen ya kuma ce duk abin da za a cire a wata ɗaya kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin. Sashe na 7 ya wajabta a ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa kafin ya wuce wata uku da farawa, har da yawan albashi da yadda ake lissafa shi. Kuma ba kowa ke tashi ya buɗe kamfanin ɗaukar ma'aikata ba, sai da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Kamfanonin gadi kuma suna da ƙarin lasisi, wanda hukumar Sibil Difens ke sa ido a kai.

A batun ɗan ƙanwata akwai ƙarin wata ƙusa. Naira 70,000 ita ce mafi ƙarancin albashi tun da Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar a Yulin 2024, kuma abin da aka yarda a taɓa a cikinta shi ne wanda doka ta wajabta, kamar fansho. Dokar ta ɗauke wa wuraren da ba su kai ma'aikata 25 ba, shi ya sa za ka ji ana cewa ai ku huɗu ne kacal a wannan gini. Amma tunda kamfanin ne ya ce shi ne mai ɗaukar aiki, mutanensa gaba ɗaya za a ƙirga, ba na get ɗaya ba. Ba zai yiwu ya zama ubangida ranar karɓar lada, ya zama ɗan aike ranar biyan haƙƙi ba.

Sai yarjejeniyoyin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, waɗanda suka fi dokarmu fitowa fili. Yarjejeniya mai lamba 95 ta 1949 kan kare albashi, wadda Najeriya ta amince da ita tun 1960, ta hana duk wani cire kuɗi daga albashi da nufin biyan mai aiki ko wani ɗan tsakiya don a samu aiki ko a ci gaba da riƙe shi. Mai lamba 181 ta 1997 kuwa kan kamfanonin samar da aiki masu zaman kansu aka yi ta, kuma sashenta na 7 ya ce kada su caji ma'aikaci komai, kai tsaye ko a fakaice, duka ko wani ɓangare, sai wasu keɓantattun wurare da gwamnati za ta iya warewa bayan ta tuntuɓi ƙungiyoyin ma'aikata da na masu ɗaukar aiki. Najeriya ta amince da ita a 2023. Kalmar "a fakaice" ita ce ta kama cajin ofis. Kuma tun gyaran tsarin mulki na 2010, sashe na 254C ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraron rigingimun aiki, har da duba irin waɗannan yarjejeniyoyi da ƙasa ta amince da su. A takarda dai ma'aikaci ba maraya ba ne. A aikace, mai albashin 70,000 ba zai ɗauki lauya ya riƙa hawa mota zuwa kotun a Kano kan dubu biyu ba, kuma kamfanin ya san haka sarai.

Kada a ɗauka abin namu ne mu kaɗai. A Ingila, inda harkar 'yan kwangila ta hannun kamfanonin ɗaukar aiki ta yi nisa sosai, tun 1973 doka ta hana cajin mai neman aiki kuɗin samo masa aiki, in ban da 'yan fannoni irin su wasan kwaikwayo da tallar tufafi. Ƙa'idojin 2003 suka ƙara da cewa kamfani ba zai riƙe ladan ma'aikaci da hujjar wai mai aiki bai biya shi ba tukuna, kuma ba zai ce sai ka sayi wata hidima tasa kafin ya samo maka aiki ba. To me ya faru? Sai aka samu wani sabon ɗan tsakiya, na huɗu a cinikin, wanda suke kira kamfanin laima. Kamfanin ɗaukar aiki ya tura kuɗin ɗan kwangila can, su kuma su lissafa haraji, su cire nasu kaso na mako ko na wata, su ba shi saura. An rufe ƙofa, caji ya shigo ta taga. Ga shi kuma ɗan kwangilar da ke aiki da sunan ƙaramin kamfanin kansa doka ta ba shi damar sa hannu ya fita daga kariyar waɗancan ƙa'idoji, wanda kuma ke neman aiki ido rufe ba ya musu da takardar da aka miƙo masa. Abin da suka ƙara daga Afrilun 2020 shi ne wajabta ba ma'aikaci wata gajeriyar takarda kafin ya amince da aiki, mai nuna wa zai biya shi, me za a cire, nawa zai shiga hannunsa, da misalin lissafi. Ba ta kashe cajin ba, amma ta fito da shi rana. Wannan kam da za mu ara da mun ƙaru.

Nan ya kamata a rarrabe wani abu, don kada a yi wa kowa kuɗin goro. Akwai ma'aikacin da aka laƙaba wa sunan ɗan kwantiragi alhali kullum da safe yana sa hannu a rajista, ana ba shi umarni, ba shi da wani wurin aiki sai nan. Wannan ma'aikaci ne, ko me aka kira shi. Akwai kuma ɗan kwangila na gaske: injiniyan da aka kira ya duba rijiyoyin burtsatse, mai motar da ya ba da hayarta da kansa ga wata ƙungiya, matashin da ke zaune a Daura yana zana tambari ga wani a Amurka ta intanet. Shi wannan ciniki yake yi, kuma ma'anar "ma'aikaci" a Dokar Ƙwadago ta fitar da masu aikin gudanarwa da na ƙwarewa, don haka babbar garkuwarsa ita ce takardar da ya sa wa hannu. Dandalin Fiverr, alal misali, kashi 20 cikin 100 yake ɗauka daga abin da mai sana'a ya samu. Da yawa ne, amma an faɗa tun kafin ka shiga, kana iya ɗora shi a farashinka, kana iya tafiya wani wuri. Wannan la'ada ce irin ta kara. Inda ta ɓaci shi ne a gama aiki, kuɗi ya iso hannun ɗan tsakiya, sannan a ɓullo da cajin da babu shi a yarjejeniya. Haka nan in an ce an riƙe wa ɗan kwangila haraji, haƙƙinsa ne ya ga shaidar cewa kuɗin ya isa hukumar haraji da sunansa, domin da ita zai rage abin da ake bin sa a ƙarshen shekara. Harajin da ba shi da rasit ba haraji ba ne.

Ni ma'aunin da nake amfani da shi guda ne: shin mutum na iya cewa ba ya so, kuma a biya shi cikakken kuɗinsa a ranar da aka yi alkawari? In yana iyawa, to hidima ce ake tallata masa, ya saya ko ya bari. In ba ya iyawa, shinge ne aka kafa tsakaninsa da kuɗinsa ana karɓar na wucewa.

Kuma in za mu faɗi gaskiya, ba a ofis abin ya fara ba. Mun san matar da ke kawo yara 'yan aikatau daga ƙauye, ita ke karɓar kuɗin wata a hannun uwar gida, yarinyar ba ta ma san nawa ake biya a kanta ba. Mun san helman da ke kwaso lebura zuwa wurin gini ko gona, a ba shi kuɗin mutum goma ya raba yadda ya ga dama. Mun san ejan ɗin da ke kai mata aikin gida Saudiyya a ce albashin watannin farko nasa ne. Kamfanin ya sa wa tsohuwar al'ada kwat ne kawai, ya ba ta suna da Turanci. Wataƙila shi ya sa ba ta ba mu mamaki.

Abin da na gaya wa ɗan ƙanwata a daren ba shi da yawa. Na ce ya nemi takardar albashi ta kowane wata, mai nuna abin da aka cire layi-layi, domin cajin da ake jin kunyar rubutawa ya riga ya faɗi sunansa. Na ce ya duba ko 5,600 ɗin nan ma tana isa asusun fanshonsa, tare da 7,000 ta ɓangaren kamfani, tunda doka kwana bakwai na aiki ta ba su bayan biyan albashi su zuba, kuma kamfanin fansho yakan turo saƙo in kuɗi ya shiga. Na ce in ya ga an rubuta haraji ya tambaya, domin tun dokar kuɗi ta 2020 wanda bai wuce mafi ƙarancin albashi ba an ɗauke masa harajin albashi. Na ce kada ya je shi kaɗai, su haɗu su rubuta takarda ɗaya cikin ladabi su ajiye kwafi, in ba a saurare su ba akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a nan jihar, kuma kai ƙorafi can ba sai da lauya ba. Na kuma ce, in akwai wani mai kirki a cikin masu ginin, a nuna masa alat ɗin. Sau da yawa mai aiki bai san abin da ke isa hannun mutanen da ke ƙofarsa ba, ko kuma ya fi son kada ya sani, alhali shi ne kaɗai kamfanin ke tsoro, domin shi ke sabunta kwangila.

Ya saurare ni har na gama, yana juya wayar a hannu. Sannan ya ce, "Kawu, duk na ji. Amma ka san mutum nawa ke jiran a kore ni su ɗauki kakin nan? Wanda ya yi magana bara, canjin wurin aiki aka yi mashi zuwa bayan gari, kuɗin mashin kaɗai ya cinye rabin albashin, da kanshi ya aje."

Ban samu abin ce masa nan take ba. Dattijon ne ya sa baki, ya ce ai ba rigima aka ce ya yi ba, takarda kawai zai nema, neman takarda kuwa ba rashin kunya ba ne. Suka yi ta ja har mai shayi ya fara kife kofuna.

Bayan kwana tara ya turo mani saƙo. Su shida suka sa hannu, cikin goma sha ɗaya da ke ƙarƙashin ogan. Ogan ya karɓa, ya karanta a tsaye, ya ninke ta ya sa cikin rajista, ya ce zai tura sama. Saƙon fansho kuwa ya bincika wayarsa kaf, na ƙarshe da ya gani na watan Maris ne.